Ciwon mama kafin al'ada: me za a rage, me ba za a bari ba?

Ga jawabin da wata ungozoma ta yi wa matan da ke karatun yaƙi da jahilci a wani gari na ƙasar Kurfai, cikin gundumar Filinge. An rubuta shi nan domin a karanta shi a sauran cibiyoyi. Maza ma su saurara, don su ne ke kawo cefane.

Bayan gaisuwa, ungozoma ta ce maganar da ta kawo magana ce da mata ba su cika yin ta a fili ba. Akwai mata da yawa da mamansu ke ciwo kowane wata. Ciwon yakan fara kwana 7, ko kwana 10, wani lokaci har kwana 14 kafin jinin al'ada ya zo. Mama ya yi nauyi, ya kumbura, ya yi tsami. Ko zane ne ya goge shi sai mace ta ji. Mafi yawa duka biyun ne ke ciwo, kuma ciwon ya fi ƙarfi ta sama, wajen hammata. Ranar da jini ya zo, ko kashegari, sai ciwon ya fara sauka. Wata mai zuwa kuma ya dawo.

Ta ce wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma sammun kishiya ba ne. Jikin mace ne ke shirin ɗaukar ciki kowane wata. Akwai wasu sinadarai da gidan ƙwan mace ke zubawa cikin jini. Likitoci na ce musu ormon. Su ne ke kai saƙo ga mahaifa ta shirya, su ne kuma ke kai saƙo ga mama. Sai hanyoyin nono su buɗe kaɗan, ruwa ya taru cikin naman mama. In ciki bai shiga ba, sinadaran su ragu, jini ya zo, ruwan ya janye. Shi ya sa ciwon ke tafiya da wata. Cikin mata 10, wajen 7 sukan ji ciwon mama wani lokaci a rayuwarsu, kuma mafi yawansa irin wannan ne na wata-wata. In mace ta daina al'ada, yakan tafi.

Abin da ya fi damun mata, in ji ta, tsoro ne. Mace ta kwana tana tunanin ciwon daji, ta kasa gaya wa kowa. To, ciwon da ke zuwa da wata ya tafi da wata, a mama biyu, ba alamar ciwon daji ba ce. Ciwon dajin mama da farko galibi ko zafi ba ya yi. Ƙullutu ne mai tauri wanda ba ya tafiya. Ta ce za ta koma kan wannan kafin a tashi.

Daga nan ta shiga maganar abinci. Ta ce kada kowa ta yi zaton akwai abincin da ke kashe wannan ciwo gaba ɗaya. Babu shi. Amma akwai abubuwan da in an rage su, wasu mata na samun sauƙi. Wata ta samu, wata ba ta samu ba. Sai an gwada.

Na farko shi ne goro da ƴan'uwansa. Cikin goro akwai wani sinadari mai suna kafeyin. Shi ne ke kore barci. Shi ne ke sa mutum ya ji ƙarfi ko bai ci komi ba. Kafeyin ɗin nan yana cikin shayi, na buta da na Lipton. Yana cikin Nescafé, yana cikin Coca-Cola. A shekarar 1979 wani likita mai suna John Minton, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, ya ce ya sa mata sun bar kofi da shayi da ire-irensu, kuma da yawansu sun samu sauƙi. Maganar ta bazu ko'ina. Amma da wasu masana suka sake gwadawa, abin bai fito haka ba. A 1982, a birnin San Faransisko, can Amurka, an raba mata 158 gida biyu. Kashi ɗaya suka bar kafeyin, kashi ɗaya suka ci gaba da sha. Bambancin da aka gani tsakaninsu ɗan kaɗan ne. Ke nan barin goro ba magani ba ne ga kowa da kowa. Duk da haka akwai matan da ke cewa su dai sun ji sauƙi. Gwadawa ba ta da hatsari, ba ta cin kuɗi. Riba ma ake samu.

Sai ta sa aka yi lissafi a allo. A ce mace na sayen goron dala 10 kowace rana. A kwana 30, dala 300 ke nan, wato jika ɗaya da rabi. Kuɗin nan ya isa a sayi wake, ko ganye, ko ɗan nama a sa a miya.

Wata mata ta ce: "Yaya, goron nan fa shi ke riƙe mu. In na wuni ban ci ba, kaina sara yake."

Ungozoma ta ce gaskiya ne, kuma kafeyin ne ke yin haka. Jikin da ya saba da shi, in an yanke masa rana ɗaya sai ya yi ciwon kai da kasala. Abin yakan ɗauki ƴan kwanaki, da wuya ya wuce kwana 9. Saboda haka kada a yanke gaba ɗaya. Mai cin goro 2 ta koma 1, bayan mako guda ta koma ɓari. Mai shan shayi sau 3 ta koma sau ɗaya. Ta ƙara da cewa goro na rufe yunwa. Mace ta tashi da asuba ta yi daka, ta je rijiya, ta je gona, ba ta sa komi a ciki ba sai goro. Wannan ba ƙarfi ba ne, rance ne, jiki zai biya. In za ta rage goro, to ta sha fura ko kunu da safe a madadinsa.

Akwai wani dalili kuma game da shayi. In an sha shi tare da abinci, ko da gama ci, yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin. Ƙarfen nan shi ke gina jini. Mace kuwa tana zubar da jini kowane wata. Binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, mata 46 na da ƙarancin jini. Wadda ba ta iya barin shayi ba, to ta bari sai an jima da gama cin abinci, kamar awa guda.

Na biyu shi ne maiƙo. A nan ungozoma ta daɗe, don ta ce a nan ne aka fi yin kuskure.

A 1988 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Mata 21 ne masu fama da wannan ciwo na wata-wata, mai tsanani. Aka koya wa wajen rabinsu rage mai da kitse, su ƙara hatsi da ganye. Aka so a ce cikin kashi 100 na ƙarfin da abinci ke ba jikinsu, kashi 15 kaɗai ya fito daga maiƙo. Sauran matan aka ba su shawarar abinci ta yau da kullum. Bayan wata 6, waɗanda suka rage maiƙo sun fi samun sauƙin kumburi da tsami. Gwajin ƙarami ne, mata 21 ba yawa ba ne. Amma daga irinsa ne maganar rage maiƙo ta fito.

To, su wa aka yi wa gwajin? Matan birni ne na ƙasar sanyi. Mutanen can a lokacin suna cin maiƙo fiye da ninki biyu na abin da aka ce su koma. Ku dubi tukunyar ƙauyen Kurfai. Fura da rana, tuwon hatsi da dare, miyar kuka ko kuɓewa. Mai sai ɗan abin da aka auno a cokali, shi ma gida duka ne za su ci. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko salla. Mai irin wannan tukunya ba ta da maiƙon da za ta rage. In ta ji labari a rediyo ko a wayar salula cewa mai na kawo ciwon mama, ta bar ɗan man da ke miyarta, ta bar nono, ta cuci kanta. Ciwon bai tafi ba, ga rama ta ƙaru.

Jiki na bukatar ɗan mai. Bitamin A da ke cikin zogala da kabewa da mangwaro ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Rashin bitamin A kuwa shi ke kawo dundumi. Nono ma abinci ne babba. Ƙasar da ke da shanun Azawak, irin na tashar Tukunus, bai kamata macenta ta guji nono don wata jita-jita ba. A dama fura da nono yadda aka saba.

Wa ya kamata ta rage? Wadda soye ya zama abincinta na kullum. Ƙosai da safe, fanke da hantsi, taliya tana ninƙaya cikin mai da rana, kitsen nama da dare. Ana samun haka a cikin garin Filinge da Baleyara, da wajen masu tuya a tasha da bakin kasuwa, waɗanda ke ci daga kasko duk wuni. Irin wannan mace ta gwada dafawa maimakon soyawa. Dankalin Bonkuku in an dafa shi an barbaɗa yaji, ya wadatar, ba sai ya shiga kasko ba. Ga dambu da zogala. Ga wake. Ga kabeji da salati da tumatir da ake samu a garake na Dallol Boso lokacin ɗari. A yanke kitse daga jikin nama kafin a sa a tukunya. Wannan ko bai taɓa ciwon mama ba, zai taimaki zuciya, zai rage ƙiba.

Na uku shi ne gishiri, da dunƙulen Maggi da ire-irensa, da kanwa. Gishiri na riƙe ruwa a jiki. Kwanakin nan na kafin al'ada kuwa, dama jiki ya riga ya tara ruwa. Shi ya sa wata ke ganin zobe ya matse mata yatsa, ciki ya yi tim. Likitoci ba su ɗauki rage gishiri a matsayin maganin ciwon mama ba. Amma yakan rage jin kumburi, kuma yana kare mutum daga hawan jini. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum kada ya kai gram 5 na gishiri a wuni. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kuma ba gishirin da aka barbaɗa da hannu kaɗai ake ƙidayawa ba. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Mai sa dunƙule 3 a miya, ta ƙara gishiri a kai, ta yi gishiri sau biyu. A rage dunƙule, a ƙara daudawa da albasa da tafarnuwa da citta. Ɗan gishirin da za a sa kuma ya zama mai iyodi, saboda maƙoƙo.

Wata dattijuwa ta ce: "Ɗiyata, ita kanwa fa? Tun kakanninmu da ita ake gyaran ciki. Da ita ake dafa wake."

Ungozoma ta ce: "Inna, kanwa ƴar'uwar gishiri ce." Ta bayyana cewa abin da ke riƙe ruwa cikin gishiri, shi ne dai ke cikin kanwa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, cikin Najeriya, sun lura da masu jego da yawa da ke zuwa asibiti da kumburin jiki da ciwon zuciya. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi na jego. Ɗan ƙanƙanen gutsure a tukunyar wake ba shi ne matsala ba. Matsala ita ce a jiƙa kanwa ana sha da sunan magani, ko a cika ta a kunu. In an jiƙa wake tun dare, kashegari yakan nuna da wuri, ba sai an zuba kanwa da yawa ba.

Game da ƙwayoyin da ake tallatawa, ta taƙaita. Akwai na man wani fure da ake kawowa daga Turai, akwai bitamin iri-iri. A 2005 an buga gwajin da aka yi wa mata 555 a Birtaniya da ƙwayar man furen nan. Waɗanda suka sha ta ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani cikinta samun sauƙi ba. Kada a zuba kuɗin cefane a nan. Masu yawo da magani a kasuwa kuwa, rana ta gasa ƙwayoyinsu, su kansu ba su san abin da ke ciki ba.

Sai ta zo kan abin da ta ce ya fi kowane amfani ga mai karatu. Ta yaya mace za ta san ko rage goro ya yi mata aiki? Tunani na mantuwa. Wata mai sauƙi ya zo, ta ce magani ya ci. Wata mai tsanani ya zo, ta ce ƙarya ne. Likitocin garin Kadif, a Birtaniya, sun fito da wata takarda da mace ke sa alama a kanta kowace rana. Duk wadda ta iya rubuta lamba daga 1 zuwa 30 tana iya yin tata a littafin karatunta.

A ja layi, a rubuta kwanakin wata. Kowane dare kafin a kwanta, a sa alama ɗaya a gaban ranar. In babu ciwo, a rubuta 0. In ciwo kaɗan ne, a rubuta 1. In ciwon ya hana daka, ko ya hana barci, a rubuta 2. Ranar da ake jini a ƙara harafin J. Wata 2 na farko kada a sauya komi a abinci, a rubuta kawai. Daga nan za a ga ko ciwon na bin wata da gaske. In lambobin 1 da 2 sun taru gabanin J, suka ɓace bayanta, to shi ne wannan ciwo da ake magana.

A wata na 3 sai a sauya abu ɗaya. Ɗaya tak. A ce goro da shayi. A riƙe haka wata 3, ana ci gaba da rubutu. Sannan a ƙidaya ranakun da aka rubuta 2, a gwada da na farko. In sun ragu sosai, a ci gaba. In ba su ragu ba, to ba goro ba ne, sai a gwada gishiri da kanwa, ko soye ga mai cin soye. In mace ta bar komi rana ɗaya, ko ta samu sauƙi ba za ta san wanne ya taimake ta ba. Sai ta zauna tana hana kanta abin da bai yi mata laifi ba.

Wannan gwaji ba na mai ciki ba ne, ba na mai shayarwa ba ne. Su ƙari suke bukata, ba ragi ba. Goro da shayi da kanwa kaɗai ne rage su ke da amfani gare su. Wadda mamanta ya yi tsami kuma al'ada ta wuce lokacinta ba ta zo ba, ta je a duba, wataƙila ciki ne. Mai shayarwa da mamanta ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, wannan wani ciwo ne daban. Ta ci gaba da ba yaro, ta je gidan likita ranar nan.

Ban da abinci, akwai abubuwan da ke kawo sauƙi nan take. Rigar mama wadda ta yi daidai, ta tallafe shi ba ta matse ba, tana taimako ƙwarai, musamman wajen daka da tafiya mai nisa. Wata ma da ita take kwana a ranakun ciwo. Tsumma mai ɗumi ma na sanyaya tsami. In ciwo ya yi yawa, akwai parasetamol, akwai kuma man shafawa da likita ke rubutawa. Kada a yi sakiya, kada a yi tsaga, kada a ɗaure ƙirji tamau da zane. Wadda ta fara maganin tazarar haihuwa, ƙwaya ko allura ko na dantse, takan ji mama ya yi tsami a watannin farko. Kada ta bar maganin da kanta. Ta koma wajen ungozoma su yi shawara.

Ta kuma ce wani ciwon ba na mama ba ne sam. Naman ƙirji ne da haƙarƙari ke ciwo saboda taɓarya da jan guga da ɗaukar kaya. Shi wannan ba ya bin wata. In an danna wurin, ko an ɗaga hannu, sai ya ƙaru.

Daga ƙarshe ta koma kan ciwon daji, kamar yadda ta yi alkawari. Ta ce shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijar, kuma abin baƙin ciki, da yawa ba su zuwa asibiti sai ya yi nisa. Kowace mace ta riƙa laluba mamanta sau ɗaya a wata, ƴan kwanaki bayan jini ya ɗauke, lokacin da mama ya saki. Ta laluba da tafin yatsu, har cikin hammata. In ta ji ƙullutu da bai tafi ba bayan al'ada, kada ta jira. Haka in jini ko wani ruwa na fita daga kan mama alhali ba ta shayarwa. Haka in kan mama ya shige ciki, ko fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemu, ko gyambo ya ƙi warkewa. Haka in ciwo ya tsaya wuri ɗaya a mama ɗaya, wata da watanni. Haka in mace ta daina al'ada da daɗewa sannan ciwo ya taso. Duk waɗannan ba a gwada musu rage goro ko gishiri. Ba a yi musu wata 3 ana rubutu.

A fara da gidan likita mafi kusa. In sun ga da bukata, su tura asibitin gunduma a Filinge. Daga can, in ta kama, a wuce Yamai, wajen kilomita 180. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A 2021 aka buɗe sashen da ake gasa ciwon da haske a cibiyar, abin da dā sai an fita waje. A 2007 kuma gwamnati ta ɗauki dokar yi wa mata maganin ciwon dajin mama da na mahaifa kyauta. Amma kuɗin mota da na abinci a hanya, na gida ne. Nan ne aikin maigida. In matarsa ta ce ta ji wani abu a mamanta, kada ya ce a bari sai bayan girbi. Ya ba ta izini, ya ba ta kuɗin mota, ya haɗa ta da ƴar rakiya.

Mai zuwa gidan likita ta riƙo karnenta na lafiya. In ta cika takardar nan ta 0 da 1 da 2, ta riƙo ta ita ma, ta miƙa wa ungozoma tun kafin a fara tambaya.